Ranar Da Aka Kwance Injin Baba

Da wani ne ya sauko daga gaban motar kotun nan, da Auta ta yi kukanta ta share hawaye ta ce ƙaddara ce. Amma Dogo ne. Dogon da kowa a layin ya san shi da neman aurenta, wanda ko makon jiya a bakin shagon nan ya zauna suna shan shayi da Baba.

Ya sauko da rigar aiki a jikinsa, takardun kotu a hannu, 'yan dako a bayansa, ɗan sanda ɗaya a gefe. Bai dubi inda take tsaye ba.

Aikinsa ke nan, ba yau ta sani ba. In alƙali ya yanke wa wanda ake bi bashi hukunci, wa'adi ya cika bai biya ba, su Dogo ake turawa su kwaso kayansa a kai gwanjo. Sau da yawa yakan ba ta labarin gidajen da ya shiga, ta tausaya masa, ta ce Allah ya canza masa aiki. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa wata rana ita ce za ta tsaya inda matan gidajen nan suke tsayawa ba.

Baba yana zaune a kujerarsa ta ƙofar shago. Dogo ya je gabansa ya durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, ɗana. Da aiki ka zo?"

"Da aiki na zo, Baba."

"To karanta mini. Idona ya daina ganin ƙananan rubutu."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jera ƙananan baƙaƙe yana buga wa jama'a takardu, yau shi ake karanta wa. Auta ta juyar da kai.

Dogo ya karanta. Babu sabon abu a ciki. Baba ya karɓi rance daga wani kamfani don ya sayi takarda ya yi wani babban aiki, mai aikin ya karɓi kaya ya ɓace, bashin ya yi ta haihuwa har aka kai ga kotu. Watan da ya wuce ma'aikatan kotu suka zo suka liƙa wa injinsa na buga takardu shaida, Baba ya sa hannu cewa amana ce a wurinsa har ranar da za a zo ɗauka.

Bai kai ƙarshe ba Yaya ya faɗo wurin, ko maɓallin riga bai gama sawa ba. Shi ne babban wansu Auta, kuma tun da ƙarfin Baba ya ja baya, shi ke ji da gidan.

"Yau kuma? Ba sai makon gobe aka ce ba?"

"Umarnin ya ce duk ranar da aka ga dama cikin watan nan, Yaya."

"Kada ka ƙara ce mini Yaya. Kai da ka ci abincin gidan nan, ka sha ruwan gidan nan? Duk ma'aikatan kotu an rasa wanda za a turo sai kai?"

"Bar shi ya yi abin da ya kawo shi," in ji Baba. "Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni na ci bashin, ba shi ba."

Yaya ya yi ƙwafa ya koma gefe yana huci. Auta kuwa, tun da ta ji maganar makon gobe, ta kasa haɗa ido da Yaya.

Dogo ya naɗe hannun riga. Bai bar 'yan dako sun taɓa injin ba sai da ya kwance shi da kansa, noti bayan noti, yana zuba su a tsohon gwangwanin madara kamar yadda Baba yake yi ranar wankin inji.

Tsohuwa suke kiran injin nan a gidansu. Ta girmi Yaya, balle Auta. Gidansu a bayan shagon yake, bango ɗaya ya raba, saboda haka da ƙarar Tsohuwa aka yi renon Auta. Marigayiya Umma takan ce in yarinyar nan ta ƙi barci, a ce wa Babanta ya tayar da inji. Ga teburin can na lungu inda Umma take zama tana ninke takardu, tana lasar ɗan yatsa tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ga ƙofar ciki inda Baba yake auna tsayinsu da tawada duk ƙarshen shekarar makaranta. Warin tawada da man inji ya kama labule, ya kama filo, har ƙawayenta a aji suna tsokanarta wai ƙanshin sabon littafi take yi.

A nan kuma ta fara ganin Dogo. Lokacin sabon ɗauka ne a kotu, aka aiko shi karɓar takardun da aka ba Baba bugawa. Ya jingina da injin yana son ya yi mata magana, ya tashi da baƙin layi tun daga kafaɗa har ƙugu a farar rigarsa. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Tsohuwa ta sa maka hannu, yaro, ka zama ɗan gida." Tun daga ranar, duk yammacin da ake wasan ƙwallo a rediyo, yana nan a kan benci kusa da Baba, suna gardamar da ba ta ƙarewa.

Yau ga shi yana miƙa wa 'yan dako hannun Tsohuwa, yana ce musu su bi a hankali.

Kafin rana ta take, shagon ya zama fili. Abin da ya rage a ƙasa shi ne shatin inda injin ya zauna, siminti fari tas a tsakiyar baƙin mai. Dogo ya sake durƙusawa gaban Baba da biro.

Baba ya sa hannu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Auta ta ga yadda maganar ta doke shi. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi.

*

Da la'asar Gwaggo ta iso. Ƙanwar Baba ce, kuma ba ta taɓa son maganar Dogo ba. Ta tarar da Auta a ɗaki kwance, ta zauna a bakin gado ta cire mayafi.

"Tashi, 'yar nan. Kuka ba ya dawo da inji. Na gaya miki tun farko, mutumin da abincinsa yake fitowa daga hawayen mutane, wata rana naki zai sha."

"Gwaggo, aikinsa ne."

"Aiki? Mahauci ma ba ya yanka akuyar da ya rena a ɗakinsa, maƙwabci yake kira. Ke ba yarinya ba ce, malama ce guda, kina koyar da 'ya'yan mutane. Wa zai yi miki dole? Amma ki gaya mini, da wane ido za ki zuba wa mutumin nan abinci, kina tuna hannun da ya kwashe arzikin ubanki ne zai sa a kwanon?"

Auta ta juya fuskarta bango.

Yaya ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mai Sito ya kira ni," ya ce. "Gobe zai zo ya duba Baba."

Mai Sito shi ne mai babban ɗakin ajiyar kaya na bayan tasha, wanda kusan duk kayan gwanjon kotu a hannunsa suke ƙarewa. Mutum ne mai sanyin murya da tsabtar tufafi. Matarsa ta rasu bara, kuma tun daga lokacin yake aiko wa Auta gaisuwa ta bakin Yaya, ita kuma tana mayar da ita ta bakin Yaya.

"Ya ce ranar gwanjo zai sayi Tsohuwa ya dawo da ita inda take. Ya ce tsakanin 'yan gida babu lissafi."

"Yaushe ya zama ɗan gida?" in ji Auta.

"Ranar da kika ga dama," Gwaggo ta karɓe. "Ki dubi Babanki. Tun safe ko ruwa bai sha ba. Mutumin nan in babu injin nan, ba zai kai baɗi ba. Uwarki ta tafi, shi kaɗai ya rage muku."

Yaya ya daki ƙofar da tafin hannu.

"Abin da ya fi ci mini rai, na gama shirya komai. Jibi da asuba motar Mai Sito za ta zo mu kwashe injin mu ɓoye a wurinsa, in sun zo su tarar da wayam. Daga ni sai shi muka sani, sai ku na cikin gida. Ruwa ba ya tsami banza. Wani ne ya kai magana, kuma zan gano shi."

Auta ta ja zane ta rufe fuska. Suka ɗauka kukan injin take yi.

*

Washegari da safe ta ɗauki tsintsiya ta shiga shagon. Ba datti ne ya dame ta ba, zaman ɗakin ne ya gagare ta. Ƙarar tsintsiyar har amsawa take yi a bango, abin da ba ta taɓa ji ba a wurin.

"Malama."

Ba ta juya ba. Mutum ɗaya ne yake kiranta haka da wannan muryar.

"Yallaɓai, an manta wani abu ne? Ga benci can, ga rediyo. Ko tsintsiyar za a haɗa?"

"Auta, don Allah."

Ta juyo. Idanunsa sun yi ja, da gani bai runtsa ba. Ta so ta ji daɗin hakan, ta kasa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka yi mini kwana-kwana. Kai ka sa aka matso da ranar?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

"Saboda abin da na gaya maka?"

"Saboda shi."

Ta saki tsintsiyar. Hawayen da take riƙewa suka ƙwace.

"A kan bencin nan na gaya maka. Ina tsoro, na rasa wanda zan faɗa wa, na ce ga abin da Yaya yake shiryawa. Ni da masoyina nake magana, ashe ma'aikacin kotu ne yake saurare. Ka riƙe hannuna ka ce kada in damu. Ashe kwanaki kake ƙirgawa a zuciyarka."

"Ban kai sunan kowa ba. Wallahi ko shugabana bai san da shirin ba. Mota kawai na ce ta samu, a yi aikin da wuri."

"Sai in gode maka?"

"Ki saurare ni. Hannun wa ke kan takardar amanar injin? Na Yaya? Na Mai Sito? Na Baba ne. Da an zo an tarar babu inji, ba maganar bashi ake yi ba kuma, maganar cin amanar kotu ce. Baba za a sa a bayan mota. Na ga an yi wa wani dattijo haka, Auta, ni na riƙe masa takalminsa yana hawa. Ban iya tsayawa in ga an yi wa Baba ba."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Da na gaya miki, za ki iya kallon Yaya ki yi shiru?"

Ba za ta iya ba, kuma ya sani.

"To me ya sa kai? Da ka bari wani ya zo."

"An ba ni zaɓi. Abokin aikina da za a turo, da guduma yake kwance kaya. Zai tsaya a tsakiyar layi ya karanta bashin da ƙarfi kowa ya ji. Na ce gara ku tsane ni, Baba ya tashi da mutuncinsa."

"Ka yanke mini hukunci kai kaɗai, kamar yadda kuka saba. Ka san abin da ka mayar da ni? Yaya yana neman munafukin gida, ni kuma ina zuba masa ruwan wanka. Gwaggo tana lallashina, ni na san da bakina aka kwance Tsohuwa. Ko barci na yi, ƙarar injin nake ji, in farka in ji shiru."

Shi ma hawayen ya zubo masa. Bai share ba.

"Ni ma a nan na girma, ko da a makare na zo. Ban san ubana ba, kin sani. A bencin nan na fara jin wani ya ce mini ɗana. Kina ganin da sauƙi na sa sufana na kwance Tsohuwa?"

A waje mai gyaran takalmi yana ta ƙwanƙwasa akwatinsa yana wucewa.

"Mai Sito zai saye ta ya dawo da ita," ta ce a hankali.

"Na ji. Kuma a sitonsa aka so a ɓoye ta tun farko. Ba zan ɓata shi a wurinki ba, kina da hankalinki. Amma ki tambayi kanki, da shirin ya yiwu, a hannun wa injin zai kasance, a hannun wa kuma sirrin gidanku zai kasance."

Bai jira amsa ba ya ci gaba.

"Akwai wata maganar. Na daɗe ina danne takardun Baba a ƙasan na wasu, ina fatan mai aikin nan zai bayyana ya biya. An gano. An ɗauke ni daga nan, an tura ni wani ofishi mai nisa. Bayan gwanjo zan tafi. Kawuna yana tambaya ko ya zo wurin Baba kan maganar aurenmu kafin lokacin, ko ya haƙura. Na ce masa amsar ba a bakina take ba."

Auta ta durƙusa ta ɗauki tsintsiyarta.

"Ka tafi, Dogo. Yanzu ko sunanka na ji, ƙirjina ciwo yake."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ta ji takunsa yana nisa.

*

Da yamma Mai Sito ya zo da kwandon lemo da ayaba. Aka shimfiɗa masa darduma a falo. Baba yana kan kujera, ya rame a kwana ɗaya kamar wanda ya yi jinya. Gwaggo ta matsa wa Auta sai da ta kawo ruwa da kanta.

"Baba, kada ka sa komai a ranka," Mai Sito yake cewa. "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. In Allah ya yarda, injinka zai kwana a shagonka. Ni dai burina a zama ɗaya."

Ya ɗago ya dubi Auta, ya yi murmushi.

"Allah ya saka," in ji Yaya. "Ni kuwa ba zan huta ba sai na san bakin da ya kai mu. Ko waye, ya fita daga zuri'ar nan."

Auta ta ajiye tiren. Ta dubi Baba, ta tuna ranar da ta fasa kwalbar tawada tana ƙarama ta ce mage ce, ya ɗora ta a cinya ya ce, 'Auta, tawada ana sayen wata.' Bai ƙara ko kalma ba, ita da kanta ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya.

"Ni ce, Yaya."

Duk suka juyo suna kallonta.

"Ni na gaya wa Dogo za ku kwashe injin ku ɓoye. Ban san zai matso da ranar ba, amma daga bakina ya ji."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Yaya ya miƙe tsaye, amma muryar Baba ta riga shi.

"A ɓoye wane inji?"

Sai a lokacin Auta ta gane cewa duk gidan, Baba kaɗai ne ba a gaya wa ba.

"Da kai nake," Baba ya ce wa Yaya. "Injin da na sa hannu na ce amana ce a wurina?"

"Baba, don kai na yi. Na ga in aka ɗauke shi..."

"Don ni. Tun kafin a haife ka nake buga wa mutane takardu, ban taɓa buga ta ƙarya ba. An kawo mini kuɗi a kan in buga rasit na bogi, lokacin ko kuɗin makarantarka ba ni da shi, na ƙi. Shi ne da furfurata za ka sa a kira ni ɓarawo a gaban alƙali?"

Yaya ya sunkuyar da kai, jijiyar wuyansa tana harbawa.

Baba ya juya ga baƙon. "Kai kuma da motarka?"

Mai Sito ya gyara zama. "Taimako na so in yi, Baba. Kuma har yanzu maganata tana nan. Ranar gwanjo ba na jin akwai wanda zai iya tayawa sama da ni."

"Ka saya in kana so, kasuwa ce. Amma kada ka kawo shi nan. Tsohuwa ta ciyar da gidan nan, ta yi mana abin da za ta yi. In ta tafi ta biya mini bashi, ta gama aikinta da mutunci. Ba zan karɓe ta da 'yata a madadi ba. Na gode da lemo."

Mai Sito ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi sallama da murya mai sanyi kamar kullum. Ta ƙofar shago ya fita, inda ya ajiye motarsa.

"Yanzu saboda Allah," Gwaggo ta ce wa Baba tana share ido, "ka bar arziki ya fita, don wanda ya tozarta ka?"

"Wanda ya tozarta ni ya durƙusa sau biyu a gabana jiya, a gaban 'yan dakonsa." Baba ya dubi Auta. "Zo nan."

Ta durƙusa a gefen kujerarsa. Ya ɗora hannu a kanta, hannun da har yau tawada ba ta gama fita daga faratansa ba.

"Ni ba ni da abin da zan yafe wa yaron nan. Ke ce kike da shi, don ke ya ɓoye wa. Ba ni zan zauna da shi ba. In kin ce a'a, babu mai ƙara yi miki maganarsa. In kuma da saura, kira mini shi, ina son ganinsa."

"In ya taka gidan nan, ni na bar shi," in ji Yaya. "Ko ni ko shi."

Ya fice tsakar gida a fusace. Suna jinsa yana neman takalmi, yana harbi da bokiti.

Auta ta ɗauko wayarta. Ta daɗe tana kallon lambar, hawaye na ɗiga a kan gilashin. Gwaggo tana kiran sunanta, ba ta ji. Ta danna.

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Malama?"

"Ban yafe maka ba tukuna," ta ce. "Ban san ranar da zan iya ba. Amma ka zo, Baba yana kiranka."

Ta ji ya ja dogon numfashi.

"Ina ƙofar gidanku tun la'asar. Na kasa ƙwanƙwasawa, na kasa tafiya."

Auta ta miƙe zumbur, wayar a kunne. Ta taga ta hango Yaya ya kai bakin ƙofar gida, ya kama sakata ya zare ta da ƙarfi.